Yadda Ake Zaɓar wa Sabon Kasuwanci Suna a Arewacin Kamaru

Wanda zai buɗe shago a Garwa, ko Marwa, ko Ngaundare, ko Kusiri, yakan shafe watanni yana lissafin jari da kuɗin haya da inda zai saro kaya, amma sunan da za a san shagon da shi sai ranar da mai fenti ya iso da gwangwanayensa ake tunawa da shi. A nan ne za a tsaya a bakin ƙofa ana jefa kalmomi, wani ya ce Albarka, wani ya ce Alheri, a ƙarshe a rubuta wanda ya fara zuwa baki. Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma a kasuwanci maganar ta fi ƙarfi, domin ana iya sake kaya, a sake unguwa, a sake yaran shago, amma sake suna bayan mutane sun saba da shi daidai yake da sake neman ciniki tun daga tushe. Tsarin da ya fi dacewa shi ne a fara gwada sunan a bakin mutane, sannan a gwada shi a rubuce, sannan a kai shi gaban hukuma. Mai fenti shi ne na ƙarshe da za a kira.

Mataki na farko ba ya buƙatar komai sai takarda da alƙalami. Ka rubuta abin da za ka sayar, da waɗanda kake sa ran za su saya, da abin da kake fatan kasuwancin ya zama nan da shekara goma. Amfanin wannan shi ne ya hana ka ɗaure kanka da sunan da zai yi maka kaɗan nan gaba. Wanda ya sa wa shagonsa Gidan Siminti zai shiga damuwa ranar da ya fara kawo kwanon rufi da fenti da tayil, haka ma wanda ya sa sunan unguwa, kamar Domayo a Marwa ko Yelwa a Garwa, zai ji nauyin sunan ranar da mai gida ya tashe shi, ko ranar da ya buɗe reshe a wani gari. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a raba abin gida biyu: a sami suna na ainihi wanda ba ya motsi, sannan a ƙarƙashinsa a rubuta bayanin sana'a da ƙananan baƙaƙe, wanda ana iya gogewa a sake duk lokacin da kaya suka ƙaru.

Mataki na biyu shi ne tara sunaye, kuma kada a tsaya a kan ɗaya ko biyu. A tara kamar goma sha biyar, ba tare da an fara tankaɗe ba, domin yawancinsu za su zube a gwaje-gwajen da ke gaba. Rijiyoyin da ake ɗebo suna a cikinsu sanannu ne, kuma kowace tana da ribarta da ɗawainiyarta.

Ta farko ita ce sunan mai kasuwancin ko na gidansu. Wannan shi ne tsohon tsarinmu, inda sunan Alhaji wane shi ne jinginar da ake ba da bashi a kanta, kuma har yau allunan kasuwanninmu cike suke da "Ets" wane "et Fils" ko "et Frères", wato a Faransanci kamfanin wane da 'ya'yansa ko da 'yan'uwansa. Sunan Dangote da ke jikin buhun siminti ya isa shaida cewa sunan gida yana iya ƙetare ƙasashe. Sai dai akwai abubuwa uku da ya kamata a auna. Na ɗaya, sunayenmu na yanka 'yan kaɗan ne, ta yadda a layi guda na kasuwa ana iya samun Abubakar uku da Usmanu huɗu, saboda haka laƙabi ko sunan kaka ya fi bambanta mutum. Na biyu, a dokar kasuwanci ta OHADA, wato dokar bai ɗaya wadda Kamaru da Cadi da wasu ƙasashen Afirka suke bi, sunan kasuwanci yana cikin dukiyar shago, tare da masu ciniki da allon ƙofa, wato ranar da ka sayar da shagon yana yiwuwa sunanka ya tafi tare da shi, wani ya ci gaba da ciniki da sunan mahaifinka alhali ba ka da iko da irin kayan da yake sayarwa. Na uku, idan jarin na haɗin gwiwa ne, sa sunan mutum ɗaya yakan zama tushen rigima ranar rabuwa ko ranar rabon gado. 'Yan'uwan da suka haɗa jari gara su nemi sunan da ba na kowa ba a cikinsu, kuma su rubuta tun farko wanda zai riƙe shi idan aka rabu.

Rijiya ta biyu ita ce kalmomin fata da kyawawan halaye: Albarka, Alheri, Nasara, Rahama, Arziki, Gaskiya, Amana. Ba su da aibi ko kaɗan, illa dai an yi musu yawa. Idan a gari guda akwai kantin magani Albarka, da gidan burodi Albarka, da tashar mota Albarka, to sunan ya daina nuna kowa, kuma duk wanda aka aika sai ya tambaya wace Albarkar ake nufi. Mai son irin wannan suna ya haɗa shi da wata kalma da za ta ware shi, ko ya gangara cikin harshen ya nemo kalmar da ba a cika taɓawa ba. Hausa ba ta rasa su ba: akwai sunayen itatuwa irin su gawo da marke da kanya, da na taurari irin su Zara da Gamzaki, da na lokuta irin su hantsi da marka da kaka.

Ta uku ita ce wuri, wato kogi, ko dutse, ko yanki. Kamfanin motocin Danay Express ya ɗauki sunansa ne daga yankin Mayo-Danay, kuma duk wanda ya ji ya san inda motar ta dosa. Sunan kogin Binuwai ko na Logone ya fi sunan unguwa faɗi, don haka ya fi jure ƙaura. Ta huɗu kuwa ita ce ƙirƙirarren suna, ko dai a gutsuro farkon kalmomi a haɗa, kamar yadda sunayen Sodecoton, kamfanin auduga, da SEMRY, kamfanin noman shinkafa, suka samu, ko a ƙago kalmar da babu ita a da. Irin wannan ya fi sauƙin karewa a gaban doka, amma ya fi cin lokaci kafin ya zauna a baki. A ganina jerin baƙaƙe irin na manyan kamfanoni bai dace da ƙaramin shago ba, domin tsohuwar da ta zo sayen sabulu ba za ta riƙe baƙaƙe huɗu na Faransanci ba, za ta ce shagon yaron nan mai gemu ne, kuma sunan da zai bi ka ke nan.

Mataki na uku shi ne gwajin baki, kuma a wannan yanki namu shi ne mafi muhimmanci duka. Bahaushen Kano yana iya sa suna ya kwana da sanin cewa kusan duk wanda zai shigo shagonsa Hausa yake ji. Bahaushen Garwa ba shi da wannan gata. Fulatanci ne harshen kasuwa daga Ngaundare har Marwa, Larabcin Shuwa ne ke tashe a Kusiri da Injamena, akwai Barebari, akwai Tupuri da Masa da Mafa da Gbaya da sauransu, sannan ga ma'aikatan gwamnati da ɗalibai 'yan kudu waɗanda Faransanci kaɗai ya haɗa ka da su. Sunan da zai yi aiki dole ne ya bi ta waɗannan bakuna duka ya fito bai karye ba.

Ga yadda ake gwajin. Ka nemi mutum ɗaya daga kowane harshe da masu cinikinka suke yi, ka faɗa masa sunan sau ɗaya tak, kada ka nuna masa a rubuce, ka ce ya maimaita. Sannan ka tambaye shi ko kalmar ta yi kama da wani abu a harshensu, musamman abin kunya, ko zagi, ko abin dariya. Kada ka tambayi wanda yake jin nauyinka, domin yaronka ko ƙaninka zai ce ya yi kyau ko da bai yi ba; abokin wasa ko tsohuwar da ba ta shakkar kowa sun fi amfani a nan. Kalmar Nasara misali ce mai kyau. Bahaushe yana nufin cin nasara, amma Bafulatani da mai jin Larabcin Cadi abin da zai fara zo musu shi ne Bature, don haka za su ɗauka shagon kayan Turawa ne ko kuma na wani Bature. Wannan ba laifi ba ne, amma gara ka sani kafin ka zaɓa. A gefe guda kuma akwai kalmomin da Hausa da Fulatanci da Larabci suka yi tarayya a kansu, irin su barka, da amana, da salama, waɗanda ba sa buƙatar tafinta. Wasu 'yan kasuwa Hausawa sukan ɗauki kalmar Fulatanci kai tsaye, kamar jam, wato lafiya, ko kawtal, wato haɗin kai, kuma babu abin da wannan ya rage musu.

Bayan kwana biyu ko uku ka koma wurin mutanen nan ka ce su tuna maka sunan. Wanda aka manta, ka soke shi. Daga nan ka gwada shi a waya, a cikin hayaniyar kasuwa, ka ga ko sai ka maimaita. Gwaji na ƙarshe shi ne na masu babur ɗin haya. A garuruwanmu ba da lambar gida ko sunan titi ake kwatance ba, da shago ake yi, da masallaci, da gidan mai, kuma masu babur su ne suke yaɗa sunan wuri fiye da kowace talla. Idan suna ya yi tsawo za su datse shi, idan ya yi wuya za su laƙaba nasu. Suna mai gaɓa biyu zuwa huɗu shi ne yake tsira daga hannunsu.

Mataki na huɗu shi ne gwajin rubutu, kuma a nan ne Hausar boko take karo da Faransanci. Yawancin masu karatu a Kamaru da Cadi da ƙa'idar Faransanci suka koyi haɗa baƙi, saboda haka abin da ka rubuta da ƙa'idar Hausa ba lalle ne shi za su karanta ba. Ci Gaba zai koma Si Gaba a bakinsu. Gida zai koma Jida. Sauƙi zai koma Soki, domin a Faransanci "au" kamar "o" ake furta shi. Haske zai rasa wasalinsa na ƙarshe, kuma "s" da ke tsakanin wasula biyu, kamar a Rahusa, za ta koma "z". Dalilin da ya sa ke nan ake ganin Zoumountchi da Haské da Guidan wane a jikin alluna, kamar yadda aka rubuta Garoua da Maroua da Haoussa. Dole ka yanke shawara tun yanzu a kan wace ƙa'ida za ka bi. Idan masu cinikinka 'yan gari ne, rubutun Faransanci ya fi kai saƙo. Idan kayanka za su riƙa ƙetarawa Yola ko Mubi ko Maiduguri, rubutun Faransanci zai zama baƙo a can. Mafi alheri shi ne sunan da rubutunsa ɗaya ne a ƙa'idojin biyu, irin su Amana, ko Zara, ko Tafarki, kuma yana da kyau a fifita irinsu ko da wani ya fi su daɗin ji.

Baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, suna da tasu matsalar. Kwamfutocin ofisoshi da masu yin hatimi galibi sukan miƙe su, sai Gidan Baƙi ya koma Gidan Baki, ma'ana ta sauya. Ka rubuta kowane suna ba tare da lanƙwasa ba ka duba abin da ya zama. Wanda zai yi ciniki a Kusiri ko Injamena ya ƙara da rubuta sunan da baƙaƙen Larabci, domin Larabci da Faransanci ne harsunan hukuma a Cadi kuma alluna da yawa da su biyun ake rubutawa. Duk rubutun da ka tsayar, shi za ka riƙe baƙi da baƙi a kowace takarda, domin bambancin harafi ɗaya tsakanin takardar rajista da ta haraji da ta banki yana iya tsayar da biyan kuɗi ko ya hana ka kwangila.

Mataki na biyar gajere ne amma ba a tsallake shi. Ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana son kyakkyawan suna kuma ya sauya wa wasu sahabbai sunaye marasa kyau, don haka neman suna mai kyakkyawar ma'ana abu ne mai asali. Amma ka tuna inda sunan zai ƙare. Allon ƙofa yana sama, leda da kwali da takardar naɗe kaya kuwa a bola da kwata suke kwana. Wanda zai buga suna a jikin leda ya nisanci sunayen Allah da lafazin ayoyi, kuma idan yana shakka ya tambayi malami. Haka nan kada a ɗauki sunan lamido, ko na wani babban malami, ko na gidan sarauta ba tare da izini ba. Sunan da yake nuna ɓangaren siyasa kuwa yana korar rabin masu ciniki tun kafin su shigo.

Zuwa nan sunaye uku ko huɗu ne za su rage, sai mataki na shida, wato binciken ko wani ya riga ka. Ka fara da ƙafa: ka zaga babbar kasuwa da layin masu irin sana'arka, ka tambayi dillalai da masu kawo kaya daga Duwala. Sannan ka rubuta sunan a Google da Facebook da TikTok, da kowane irin rubutu da ake iya yi masa, na Hausa da na Faransanci. Ba suna iri ɗaya kaɗai kake nema ba, har da mai kama da shi a ji ko a gani. Wasu sukan ɗauki sunan sanannen kaya su sauya harafi ɗaya da gangan don su ci albarkacinsa. Wannan dabara ce mai gajeren kwana, domin doka tana kallon ko mai saye zai iya ruɗewa ne, ba ko rubutun ya zo daidai ba, kuma mai asalin sunan yana da ikon sa a kama kayan.

Mataki na bakwai shi ne rajista, kuma a nan akwai kuskuren fahimta da ya yaɗu ƙwarai. Kamaru da Cadi da Nijar suna cikin ƙasashe 17 na OHADA, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 1993 don daidaita dokokin kasuwanci. A ƙarƙashinta ɗan kasuwa yana shiga rajistar da ake kira RCCM, wadda take hannun magatakardan kotu. A Kamaru an buɗe cibiyoyin CFCE, har da ta Garwa, don a haɗa wannan rajista da lambar haraji a wuri guda, a Cadi kuma hukumar ANIE ce take da irin wannan ofishi. Wanda zai yi kasuwanci shi kaɗai yana iya yin rajista da sunansa na yanka, ya ƙara da sunan da ya zaɓa wa shagon. Wanda zai kafa kamfani irin SARL, wato wanda alhakin masu shi bai wuce jarin da suka zuba ba, wanda tun dokar 2016 ana iya kafa shi a Kamaru da jarin sefa 100,000, dole ne sunan kamfanin ya riƙa tafiya tare da nau'insa, da yawan jarinsa, da adireshinsa, da lambar RCCM a jikin takardunsa. Ka je da sunayenka uku a jere bisa fifiko, don kada a mayar da kai gida idan na farko bai samu ba.

Kuskuren shi ne a ɗauka cewa takardar RCCM ta mallaka maka sunan. Ita shaida ce cewa kai ɗan kasuwa ne da hukuma ta sani. Kare suna aikin wata hukuma ce dabam, wato OAPI, mai hedikwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangui ta 1977 ta kafa, kuma ita ma ƙasashe 17 ne a cikinta. Rajista ɗaya a OAPI tana aiki a dukkansu, ta yadda wanda ya yi ta daga Marwa ya sami kariya har Injamena da Yamai da Dakar. A batun suna, abu biyu ake iya yi wa rajista a can: sunan kasuwanci, wato wanda ake kiran shagon ko kamfanin da shi, da kuma tambarin kaya, wato suna ko alamar da ake bugawa a jikin abin sayarwa. Kowanne shekara 10 yake yi, sannan a sabunta. Ana yin rajistar tambari ne bisa rukunin kaya, kuma rukunan 45 ne, 34 na kaya, 11 na ayyuka, saboda haka wanda ya kare sunansa a rukunin abinci bai hana wani amfani da shi a rukunin tufafi ba. A ƙa'ida, tambari na wanda ya fara kai takarda ne, ba na wanda ya fara tunaninsa ba, kuma idan aka bar shi shekara 5 ba a amfani da shi ana iya neman a soke shi.

Ba kowane mai tebur ne yake buƙatar OAPI ba, domin akwai kuɗi a ciki. Amma duk wanda zai zuba kaya a leda ko kwalba da sunansa, mai yaji ne, ko mai man gyaɗa, ko mai kilishi, ko mai ruwan leda, ko mai turare, to ya yi ta tun kafin kayan su yi suna, domin bayan sun yi suna ne masu kwaikwayo suke fitowa. OAPI ba ta karɓar kowane suna. Ba ta karɓar kalmar da bayanin kayan ce kawai, kamar a ce Man Gyaɗa Mai Kyau, domin ba za a hana sauran masu man gyaɗa faɗin haka ba. Ba ta karɓar tutar ƙasa ko tambarin hukuma, ko abin da ya saɓa wa tarbiyya, ko sunan da zai yaudari mai saye game da asalin kaya. Batun asali yana da nauyi, domin akwai sunayen wurare da aka riga aka keɓe wa masu su, kamar barkonon Penja da farar zumar Oku a nan Kamaru, waɗanda aka yi wa rajista a 2013. Ana iya kai takardu hedikwatar kai tsaye, ko ta ofishin da ke wakiltar hukumar a ma'aikatar masana'antu, ko ta hannun wakilin da ta amince da shi, kuma kafin a biya kuɗin rajista yana da kyau a nemi a yi binciken ko an riga an kai irin sunan.

Nijeriya ba ta cikin OAPI, ba ta kuma cikin OHADA. Wanda kasuwarsa ta dogara da ƙetaren iyaka ya san cewa takardarsa ta Yawunde ba ta da ƙarfi a Yola ko Kano. A can hukumar CAC ce take rajistar sunan kasuwanci, tambarin kaya kuma yana da nasa ofishin a Abuja, kuma kowanne sai an bi shi dabam.

Mataki na takwas shi ne kama sunan a waya da intanet, kuma a yi shi a ranar da aka tsayar da shawara, tun kafin labari ya bazu. A buɗe shafin Facebook da WhatsApp Business da sunan, da rubutu iri ɗaya. A nemi lambar karɓar kuɗi ta 'yan kasuwa a Orange Money ko MTN MoMo, ko Airtel Money da Moov a Cadi, domin mai saye yakan yi jinkiri idan zai tura kuɗi ya ga sunan wani mutum dabam ya fito maimakon na shagon. Mai niyyar buɗe shafin intanet ya kama adireshi mai ƙarewa da .cm na Kamaru ko .td na Cadi, kuma idan da hali ya haɗa da .com, saboda harafi ɗaya ne tsakanin .cm da .com kuma mutane suna yawan ruɗewa.

Sai yanzu ne za a kira mai fenti. Ka ba shi sunan a rubuce a takarda da manyan baƙaƙe, kada ka faɗa masa da baki, kuma ka tsaya ya zana da alli ka duba kafin ya sa fenti. Sunan ya fi komai girma a allon, bayanin sana'a a ƙasa, lambar waya a ƙarshe, launi biyu ko uku sun isa, kuma a zaɓi masu jure rana da ƙurar hunturu. Ka tsallaka titi ka duba ko mai wucewa a kan babur zai iya karantawa. Hatimi da rasit da leda duk a buga su daga wannan takarda guda, sannan a ajiye kwafin rasit na farko mai kwanan wata tare da hoton allon da takardun rajista, domin su ne hujjar ranar da ka fara amfani da sunan idan wata rana aka yi jayayya a kansa.